Abin Da Ke Sa Garin Gero Ɗaci, Da Yadda Masana Suka Ɗaure Shi A Turke

Da daminar 2023 na yi wani kuskure wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ga ya kamata in faɗe shi a wannan fili, ko wani ya tsira daga irinsa.

Akwai wata ƙungiyar mata a wani ƙauye na ƙasar Shagari, ba nisa da Kajiji, waɗanda suka yi adashi suka sayi injin niƙa. Da na ga himmarsu sai na ba su shawara. Na ce maimakon su zauna jiran masu kawo niƙa kwano ɗaya kwano biyu, su sayi hatsi da kansu, su surfa, su niƙa, su ƙulla cikin leda, a kai wa masu shaguna a Sakkwato, inda matan ma'aikata ba su da lokacin daka. Mu nan ƙasar Sakkwato in an ce hatsi, gero ake nufi. Suka yarda, suka niƙa buhu 4 a tashi ɗaya. Ba a cika mako biyu ba sai ga kaya an komo da su a bayan mota. Mai shago ya aiko cewa masu saye sun ce tuwon yana ɗaci, kunun kuwa yana maƙaƙi a wuya. Babu ƙwaro a ciki, babu tsutsa, garin fari tas kamar ranar da aka niƙa shi.

Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa, ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ka yi makarantar gona, ba su gaya maka dalilin da ya sa muke daka kullum ba? Kana tsammani son wahala ne?"

Gaskiya ta faɗa. An gaya mana a makaranta, ni ne na bar shi cikin littafi.

To, ga yadda abin ya ke. Ƙwayar gero tana da mai a cikinta, kamar kashi 5 cikin 100, wani lokaci har ya ɗara, watau ta fi dawa mai. Yawancin man yana wurin idon ƙwayar, inda tsiro ke fitowa, saura kuwa yana jikin dusa. Wannan mai guzurin ɗan tsiro ne, da shi zai rayu kafin ya yi ganye. Amma tsiro ba ya iya cin man haka nan, sai an yanyanka masa. Saboda haka Allah ya ajiye masa mahauci a cikin ƙwayar. Irin waɗannan ma'aikata na cikin jikin mai rai, waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu enzayim. Kowane da sana'arsa, wani na sitaci, wani na nama. Na mai shi ake kira laifes. Mu ma muna da shi. Tun 1848 wani likitan Faransa mai suna Claude Bernard ya nuna cewa akwai wani ruwa da ke zuba cikin hanji wanda shi ke narkar da kitsen da muka ci.

Kowane irin mai, ko na gyaɗa, ko man shanu, ko man kaɗe, gininsa iri ɗaya ne. Ku ɗauka kamar sanda ce guda aka ɗaura mata igiya 3. Sandar ita ce gilisirin, wannan da mata ke shafawa da hunturu. Igiyoyin kuwa su ake kira tsamin mai. Muddin suna ɗaure jikin sandar, mai yana da daɗi, ba ɗaci ba wari. Aikin laifes shi ne ya kwance igiyoyin, kuma ba ya iya kwancewa sai da ruwa. Da zarar sun kwance sai su fara ɗaci, sa'an nan iska ta same su a sake ta ƙarasa lalata su, su yi gafi da wannan wari na tsohon mai.

Sa'ad da ƙwaya ke zaune lafiya cikin zangarniya, mai yana ɗakinsa, mahauci yana nasa, ba su haɗuwa. Shi ya sa damin gero ke shekara a rumbu ba abin da ya same shi. Ranar da taɓarya ko inji ya fasa ƙwayar, ranar aka rushe bangon da ke tsakaninsu. In kuwa akwai laima da ɗumi, to, aiki ya kankama.

Yanzu ku duba abin da na sa matan nan suka yi. Surfe da yayyafin ruwa ake yinsa, ga laima. Damina ce, shanya ba ta bushewa sosai, ga ƙarin laima. Aka niƙa, aka ƙulle cikin leda da sauran danshi, aka jera a shagon kwano mai zafi. Ko da gangan na shirya wa laifes walima, iyakar abin da zan yi ke nan.

Ba garin gero kaɗai wannan ke samu ba. Masu casar shinkafa sun san dusar ɗanyar shanshera ba ta jimawa sai ta sāke wari, kaji da tumaki su ƙi ta. Dusar shinkafa ta fi gero mai nesa ba kusa ba, tana kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma laifes ɗinta mai gaggawa ne, cikin sa'o'i kaɗan ya ke soma aiki. Amma dusar shinkafar da aka turara tun tana cikin ƙaiƙayinta ta fi daɗewa, don tururi ya kashe shi. Dattawan da suka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano za su tuna hukumar sayen amfanin gona ta kan biya ƙarin kuɗi ga gyaɗar da ba ta farfashe ba, har aka riƙa kwaɗaita wa manoma injin ɓara na hannu maimakon turmi. Dalilin ke nan. Fasasshiyar gyaɗa kafin ta yi doguwar tafiya ta isa Ingila, tsami ya hau cikin manta, masu matsa su rage kuɗi. Haka ƙwarar kaɗe. Matan da suka san aikinsu ba su barinta jibge da danshi, da an tsinto sai a tafasa a shanya, domin mai saye na kamfani abin da ya fara aunawa shi ne yawan tsamin da ke cikin man.

Bayan abin nan ya faru na koma na yi ta karatu a kan laifes, don haushi. Can na tarar da abin da ya ba ni mamaki. Ashe wannan da ya ɓata mana buhu 4, a wasu ƙasashe sayensa ake yi da tsada, a sa shi aiki a masana'anta.

Dalili kuwa shi ne, masu sana'ar mai da sabulu su ma kwance igiyoyin nan suke so su yi, ko su sāke musu wuri. Tsohuwa mai sabulun salo da ruwan toka da wuta take kwance su. Manyan masana'antu suna yi da ruwa mai zafin digiri 250, cikin tukunyar ƙarfe da aka matse ninki 50 bisa iskar da muke shaƙa. Ku duba wutar da wannan zai ci. Wasu ayyukan kuma da soda ake yinsu ko da asid mai ƙarfi, in an gama sai an wanke man, ruwan wankin ya zama dauɗar da za a rasa inda za a zuba. Laifes kuwa yana yin aikin a ɗumin da bai fi na ruwan wankan jego da ya huce ba, digiri 40 zuwa 60, babu soda, babu hayaƙi. Kuma yana da zaɓe. Akwai irin da ba ya taɓa igiyar tsakiya, sai ta farko da ta uku kaɗai, abin da soda ba ta iyawa, ita duk wanda ta samu sara take yi. Wani abin al'ajabi kuma, in aka hana shi ruwa sai ya juya sana'a, maimakon kwancewa ya koma ɗaurawa. Da wannan hali ne ake haɗa sababbin mai da shi.

Tun tuni aka gane amfaninsa. A 1902 waɗansu masana a Balin ta ƙasar Jamus suka niƙa 'ya'yan zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, suka zuba cikin mai da ruwa, laifes ɗin zurmar ya raba musu man don yin sabulu. Ita dai zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai kula ta. Amma kada wani ya ce zai gwada a gida, 'ya'yan zurma suna da dafi mai kisa. A 1988 kuma wani kamfanin ƙasar Denmak mai suna Novo ya fito da laifes na sa wa cikin garin sabulun wanki, don cire maiƙon miya daga tufafi.

Sai dai akwai matsala. Laifes abu ne mai tsada. In ka zuba shi a sake cikin tukunyar mai, ya yi aikinsa, to, yaya za ka tsamo shi? Ya bi man ya tafi. Gobe sai ka sayi wani. In ma ka bar shi ciki, zai ci gaba da aiki bayan ka ce ya isa, kamar yadda ya yi mana a leda.

Dabarar da aka yi, kowane manomi ya san ta. Akuya a sake da damina ɓarna ce, ta ci shukar maƙwabci, a kai ka gaban hakimi. Akuyar nan in ka ɗaure ta a turke, kai ke kai mata ciyawa, ka kwashi taki, ka san inda take dare da rana. To, haka aka yi wa laifes. Ana manna shi jikin wani abu mai tauri wanda ba ya narkewa cikin mai, ƙananan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar gero ba, masu ƙofofi da yawa kamar soso. A cika dogon bututun ƙarfe da su, a riƙa tura mai ta wannan baki yana fita ta wancan. Man ya wuce ya sāku, mahaucin yana nan ɗaure. Gobe ma haka, jibi ma haka, har makonni ko watanni kafin ƙarfinsa ya ƙare. In ana son a tsai da aiki sai a rufe famfo, ko a tace ƙwayoyin a ajiye. Ga kuma ƙarin riba, wanda aka ɗaure sau da yawa ya fi na sake jure zafi.

Asalin dabarar ta fito ne daga gawayi. A 1916 waɗansu malamai biyu na jami'ar Kolambiya a birnin New York, Nelson da Griffin, suka lura wani enzayim mai raba sukari ya manne jikin gawayi, amma bai daina aiki ba. Aka daɗe ba a yi kome da wannan ba. Sai a 1969 kamfanin Tanabe na Japan ya fara aiki da ɗaurarren enzayim a masana'anta. Hanyoyin ɗaurin sun kasu. Akwai mannawa kawai, ita ce mafi sauƙi da arha, amma tana iya saki. Akwai ɗaurin da ake yi da wani magani ya kama gam, sai dai wani lokaci ɗaurin ya yi tsanani har ya rage masa ƙarfi, kamar dabbar da aka gajarta wa igiya. Akwai kuma kulle shi cikin wani abu mai kama da ƙaro, mai ya shiga ya fita shi yana ciki.

Wanda ya fi suna a kasuwa shi ne Novozym 435. An ɗaure shi jikin ƙwayoyin roba, asalinsa kuwa daga wani yis ne da aka fara samowa a wani tafki can ƙarshen duniya ta kudu, ƙasar ƙanƙara. Da irinsa ake haɗa man shafawa da kayan magunguna. Wani kuma, Lipozyme TL IM, jikin ƙwayoyin silika aka ɗaure shi, watau sinadarin da ke cikin farin rairayi, kuma da shi ake daskarar da mai don yin bota ta gwangwani. A da, da iskar haidirojin ake daskarar da man, hanyar da ke haifar da wani irin kitse mai toshe jijiyoyin zuciya, wanda a 2023 Nijeriya ta fito da dokar da ta ƙayyade shi, kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Kamfanin ADM na Amurka ya fara wannan aiki da ɗaurarren laifes a 2002, a 2005 kuwa shi da kamfanin Novozymes suka sami lambar yabo ta gwamnatin Amurka don sana'ar da ba ta ƙazantar da ƙasa. Har kitsen da ke cikin waɗansu madarar jarirai ta gwangwani da laifes ake jera igiyoyinsa, don ya yi kusa da na nonon uwa.

Kada a ɗauka ba shi da aibu. Har yanzu ya fi soda tsada ƙwarai, ƙwayoyin su kan farfashe in an motsa da ƙarfi, waɗansu sinadarai kuma su kan kashe shi. Shi ya sa yawancin masu sabulu ba su bar tsohuwar hanya ba.

'Yan kasuwa, ga inda maganar ta shafe ku. Man kaɗe ana sayensa a Turai ne galibi don wani ɓangarensa mai tauri ya yi kama da man koko, ana sa shi cikin cakulan. Tun wajen 1980 kamfanoni a Turai da Japan suka koyi haɗa irin wannan mai da ɗaurarren laifes, daga mai mai arha. Watau kaɗanya ta sami kishiya. Abin da ya taimake ta shi ne dokar cakulan ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000. Dokar ta yarda a sa man da ba na koko ba har kashi 5 cikin 100, daga itatuwa 6 kaɗai, cikinsu har da kaɗanya da kwakwar manja da ƙwallon mangwaro, kuma ta hana wanda aka sāke gininsa da enzayim. Amma ba duk duniya ce Turai ba. A ganina wanda ke kai ƙwarar kaɗe mai tsami kasuwa, shi da kansa ke tura mai saye wajen kishiyar.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne turken kansa. Ƙwayoyin robar nan suna da tsada, don haka masu bincike a ƙasashe da yawa suna gwada abubuwa masu arha, gawayi, da farar ƙasa, da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Ƙaiƙayi kamar kashi ɗaya cikin 5 ne na nauyin shanshera, tokarsa kuwa kusan dukanta silika ce. Duk wanda ya bi ta wurin masu casa ya ga tsibin ƙaiƙayi yana cin wuta a banza, ya san ba mu da ƙarancin wannan. Akwai ma laifes da aka halitta a ɗaure. Farin ruwan nan da ke fita in ka tsaga ɗanyar gwanda yana da laifes manne da ƙaronsa, ko an wanke da ruwa ba ya fita, masana sun busar da shi sun yi aiki da shi haka nan. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba na tsakar gida ba, amma ina fata ɗalibanmu na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu neman abin bincike su duba kusa da su.

Ta wajen iri ma ana ƙoƙari. A 2022 masanan cibiyar ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai, tare da kamfanin Corteva, suka ba da labarin sun gano waɗansu irin gero da laifes ɗinsu ke da rauni tun asali, garinsu ya fi jimawa. Kafin irin wannan ya zo hannun manomin Dandin Mahe ko Lambara, sai mu yi da abin da ke hannu.

Abin da ke hannu kuwa shi ne wuta da rana. Laifes yana jure busasshen zafi fiye da yadda ake zato, amma zafi mai laima, watau tururi ko tafasasshen ruwa, yana kashe shi da sauri. Masu bincike a Indiya sun gwada tsoma gero cikin tafasasshen ruwa na kamar rabin minti, a tsame a shanya ya bushe ƙayau kafin a niƙa, garin ya daɗe bai yi ɗaci ba. A Senegal mata suna murza garin gero ƙanana-ƙanana, su turara, su busar, su ƙulla a leda, yana watanni a shago. Mu ma muna da madambaci a kowane gida. Amma a kula da abu biyu. Na ɗaya, shanya. In ka turara ba ka busar sosai ba, ka kori ɗaci ka gayyato fumfuna, wanda ya fi shi sharri. Na biyu, tururi laifes ya ke kashewa, ba ya hana iska aikinta, don haka a ƙulle ledar da kyau, a ajiye a inuwa, ba kan teburin da rana ke duka ba. Mai sayar da gari kuma ya daure ya riƙa rubuta ranar niƙa jikin leda. Ajiyar dogon lokaci kuwa a yi ta da ƙwaya, ko ma da dami, a riƙa niƙa gwargwadon abin da kasuwa za ta ɗauke cikin mako.

Matan nan ba su kore ni ba, Allah ya saka musu. Garin da aka komo da shi tumaki aka ba, a gauraye da dusa, na kuwa biya rabin kuɗin buhu ɗaya daga albashina, ko da ya ke ba su nema ba. Da rani ya shigo muka sāke gwadawa da tiya 10 kawai, aka turara tsabar bayan surfe, aka shanya kwana biyu, sa'an nan aka niƙa. Wannan karon ba a komo da kaya ba. Dattijuwar ta ce kunun ya ɗan sāke ƙamshi, bai kai na sabon daka ba, ni ma na sha na yarda da ita.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya surfa tiya ɗaya ya raba biyu. Rabi ya turara a madambaci ya busar, rabi ya busar haka nan. A niƙa kowane dabam, a ƙulla, a ajiye wuri ɗaya, bayan kwana 10 a dama kunu da kowane a ba mai gida ya ɗanɗana ba tare da an gaya masa wanne ne wanne ba. Abin da kuka samu ku rubuto wa wannan fili ta hannun Edita, ku faɗi garinku, da watan da kuka gwada, da ko gero ne ko maiwa.